Awa tara a Barsalona, ina za mu nufa?

Maman Biyu: Salam yan uwa, dan Allah wa ya taɓa tsayawa Barsalona ta jirgin ruwan yawon shaƙatawa? Ni da maigida da yara, jirginmu zai tsaya ƙarfe 8 na safe ya tashi 5 na yamma, kuma kowa a gidan da inda yake so, har an fara rigima tun ba a tafi ba

Kawu na Landan: Wa alaikissalam Hajiya. Farko dai ki cire 5 ɗin nan daga ranki, yawanci rabin awa kafin tashi ake son kowa ya dawo ciki, kuma idan da kanku kuka fita ba ta hannun masu jirgin ba to ba mai jiranku. Manyan jiragen a Moll Adossat suke tsayawa, kar ki ce za ku taka da yara, akwai bas da ke kai mutane kusa da gunkin Columbus, daga nan bakin titin La Rambla ne.

Ɗan Barsa: Camp Nou kawai, filin ƙwallon Barsa. Sauran duk gini ne 😂

Kawu na Landan: Kai yaro bari manya su gama

Anti Likita: Ni dai shawarata wuri biyu ku zaɓa ku haƙura da sauran. Sagrada Familia ita ce ta farko, cocin nan da aka fara tun 1882, Gaudi da ya zana shi ya rasu a 1926 bai ga ko rabin aikin ba. Daga waje sai ki ga kamar gidan gara, amma ciki wlh sai da na tsaya na yi shiru, ginshiƙan kamar bishiyoyi sun yi rassa a sama, rana na shigowa ta gilasai masu launi, gefe ɗaya shuɗi da kore ɗaya gefen ja kamar garwashi, har a jikin mayafina launin ya sauka. Amma ki sayi tikiti ta intanet tun yanzu, da lokacin shiga a jiki, in kin bari sai ranar to hoto a waje kawai za ku yi.

Maman Biyu: Toh Anti ta ina ake zuwa? tasi?

Anti Likita: Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fi sauƙi, ku shiga layin L3 a tashar Drassanes kusa da gunkin Columbus, tasha ɗaya ku sauka Paral·lel ku canza L2, shi zai sauke ku a ƙofar wajen. Dawowa ne nake cewa a hau tasi in lokaci ya ƙure

Ɗan Barsa: Ba wasa nake ba fa Hajiya, in yaran maza ne za su riƙe ki a zuciya in ba ki kai su Camp Nou ba. L3 ɗin nan dai ita ke zuwa Les Corts, tashar da ke kusa da filin. Gaskiya dai sanda na je ana tsaka da gyaran filin da aka fara a 2023, gidan tarihin kulob da shagon riguna kawai muka gani, kuɗina suka ƙare a shagon

Baban Yasmin: Ba wanda ya yi maganar ɓarayi. Ni a jirgin ƙasan aka zare min walat, wasu suka matse ni a bakin ƙofa kamar cunkoso ne, kafin in ankara ƙofa ta rufe sun tsaya a waje. Allah ya taimake ni fasfo ba ya ciki. Jaka a gaba Hajiya, waya kar a aje kan tebur.

Maman Biyu: Subhanallah, Allah ya mayar da alheri. Abinci fa? maigida ba ya cin abin da bai sani ba

Anti Likita: Unguwar Raval, tana manne da La Rambla, yan Pakistan da yan Maroko sun cika ta, halal ko'ina, akwai ƙananan masallatai ma sai ku haɗa azahar da la'asar tunda matafiya ne. Kasuwar Boqueria kuma ku sha lemon 'ya'yan itace, amma waɗannan cinyoyin da aka rataye na alade ne, jamon suke ce masa, kar yara su karɓi ɗanɗano. Ranar Lahadi kasuwar ba ta ci.

Maman Biyu: Talata ce alhamdulillah. Lambun shaƙatawar nan Park Güell fa?

Kawu na Landan: Kan tudu yake, da nisa, shi ma sai da tikiti. Ki bar shi.

Maman Biyu: Shikenan, Sagrada da safe, Raval da rana, ƙarfe 3 mu kama hanyar jirgi. Ɗan Barsa rigar za a saya musu a cikin gari, kar ka faɗa musu akwai jirgin da ke zuwa filin