Awo kyauta mun yarda, amma zancen balaga fa?

Baban Biyu: Assalamu alaikum jama'a. Kun ga sanarwar ma'aikatan lafiya. Ranar Asabar za su auna hawan jini da ciwon suga kyauta, sannan su keɓe 'yan shekara 10 zuwa 19 su yi musu bayanin balaga da cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Awon ba ni da ja. Amma zancen yaran nan buɗe musu ido ne kawai. Abin da yaro bai sani ba, ba zai je nemansa ba.

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Baban Biyu, wallahi da haka abin yake da na fi kowa murna. Ni ake kawo wa yaran nan. Yarinya 'yar shekara 12 ta ga jinin al'ada karon farko, ta cusa zaninta ƙarƙashin katifa, ta kwana kuka tana zaton mutuwa za ta yi, don babu wanda ya taɓa ce mata uffan. Wata kuma ana taɓa ta a inda bai kamata ba, ba ta ma san sunan da za ta kira abin ba balle ta kai ƙara. Batun buɗe ido kuwa an bincika shi. UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar da jagora kan koyar da wannan ilimi a 2009, ta sabunta a 2018 bayan bitar bincike daga ƙasashe da dama, aka ga ilimin ba ya sa yara fara saduwa da wuri, wasu ma jinkirtawa suke yi.

Malam Babba: Ni dai ban ga sabon abu a nan ba. Littattafan fiƙihu na farko akwai babin haila da wankan janaba, kuma yara ake karantar da su, don salla da azumi ba sa inganta sai da wannan sani. Nana A'isha ta yabi matan Ansar cewa kunya ba ta hana su fahimtar addini ba. Sharaɗina shi ne mace ta zauna da mata, namiji da maza, kuma kada a haɗa ɗan shekara 10 da ɗan 18 a zama ɗaya.

Baban Biyu: Allah ya gafarta Malam, haila daban, kororon roba daban. Anti, ki faɗa mana gaskiya, za a yi zancensa ko ba za a yi ba?

Anti Nas: Ga ƙanana a'a. Nasu canjin jiki ne, tsafta, da cewa babu mai ikon taɓa su. Manyan kuwa za a yi musu zancen ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da ciwon sanyi, a fara da kame kai. In suka yi tambaya ba za a yi musu ƙarya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 'yan mata miliyan 21 masu shekara 15 zuwa 19 ke ɗaukar ciki duk shekara a ƙasashe masu tasowa, kuma matsalar ciki da haihuwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe su.

Hajiya Uwa: Ku kun tafi kan yara, ni awon ne damuwata. A ɗaura maka abu a dantse, a ce 140/90 ko sama, sai me? Awo ɗaya ba ya tabbatar da hawan jini, sai an sake a wata rana. In babu takardar tura mutum asibiti, tsoro kawai aka ba shi ya koma gida.

Anti Nas: Gaskiyarki Hajiya. Duk da haka kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba, gara su zo. Zan matsa a ba kowa takarda.

Auta: Baba, ka yi haƙuri in sa baki. Mu da ba a faɗa mana a gida ba, a waya da bakin ƙawaye muka ji, kuma yawanci shirme ne. Har yanzu akwai masu cewa ba a ɗaukar ciki a karon farko.

Baban Biyu: Na ji 'yata, kuma ya taɓa ni. Amma har yanzu ina ganin aikin uwa da uba ne, ba na baƙo ba. Anti, a turo mana abin da za a koyar tun kafin Asabar. In na karanta na gamsu, mahaifiyarsu za ta raka matan, ni in zauna da mazan.

Anti Nas: Zan nema gobe in sha Allah, in ajiye a nan kowa ya gani.