Hutun alfarma alhali akwai yunwa a bayan majami'a: yaya kuke auna abin?

Dattijon ikilisiya, Zuru
Salama 'yan'uwa. Da Disamba ta ƙarato sai wannan magana ta taso a zaman dattawa. Allah ya buɗa wa ɗan ikilisiya, zai kwashi iyali zuwa Dubai ko babban otal a Abuja sati guda, ga kuma waɗanda 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba, gonakinsu sun gagari shiga. Wasu su ce zunubi ne, wasu su ce ai guminsa ne. Ku da ke riƙe da kuɗi da hatsin taimako, ku faɗa mana abin da kuke gani.

Fasto, Yauri
Baba, hutu kansa ba laifi ba ne. A Markus 6:31 Yesu ne ya janye almajirai su huta, don ko zarafin cin abinci ba su samu ba. Sai dai a karanta gaba: jama'a suka riga su isa wurin, ya ji tausayinsu, ya ciyar da mutum 5,000. Maimaitawar Shari'a 14:22-29 ma ta yarda mutum ya sayi abin da ransa ke so ya ci da iyalinsa a gaban Ubangiji, amma a nan take ta ce kowace shekara ta uku a tara ushiri a gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Mai arzikin Luka 16 kuwa ba a ce ya yi sata ba. Li'azaru ne kwance a ƙofarsa yana tsallake shi. Don haka ba na tambayar mutum ina za shi. Ina tambayarsa wa ke ƙofarsa, kuma ko ya san sunansa.

Ma'ajin ikilisiya, Birnin Kebbi
Baba Fasto ya ba da tushe, ga lissafi. Kafin maganar tikiti a sauke haƙƙin mutane: albashin direba da mai aikin gida, da kuɗin 'yan ƙodagon da suka yi girbi. Yakubu 5:4 bai sassauta a nan ba. Sai iyaye a ƙauye da kuɗin makarantar Janairu, wanda shi ne ya fi kama masu dawowa daga tafiya. Tafiyar da sai an ci bashi ko an cinye adashe, a fasa ta.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne "in na dawo zan bayar daga abin da ya rage". Ba ya raguwa. Bayan da aka saki farashin naira ga kasuwa a Yunin 2023, abin da ake biya da dala ya riƙa wuce yadda aka ƙiyasta. A ware rabon mabukata ranar da aka yanke shawarar tafiya, ya bar hannu kafin a biya jirgi. Waɗanda suka fi riƙe alkawari su ne masu yanke kaso, misali kwatan kuɗin tafiyar. A kuma riƙa tunawa: tafiyar naira miliyan 3 ta haura albashin shekara uku da rabi na mai karɓar mafi ƙarancin albashi, naira 70,000.

Mai sayar da hatsi, Ribah
Malam ma'aji, a mayar da kason nan buhu. Buhun dawa tiya 40 ne. Gida mai mutum shida ko bakwai na cin kusan tiya guda a rana, buhu ɗaya kwana 40 ke nan. Kuskuren shi ne a rabar da komai a Kirsimeti, lokacin da hatsi ke araha kuma kowa na kawo shinkafa. Yunwa sai Yuli da Agusta take gasa mutane, rumbu ya ƙare, sabo bai nuna ba. A saya da kaka, a ajiye. A tabbata ya bushe: in aka ciji ƙwaya ta yi ƙas, ya yi. A jera buhuna kan katako, kada su jingina da bango, in ba haka ba danshi ya sa su fumfuna. Wake kuwa sai buhu mai leda biyu a ciki: a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, kada a riƙa buɗewa. Ɓera ya huda shi, ƙwari sun samu shiga. Ƙwayar maganin hatsi kuma kada a kuskura a sa ta a ɗakin da mutane ke kwana, iskarta na kisa.

Uwar zumuntar mata, Zuru
Ɗana, ka manta kuɗin niƙa. In aka ba mace buhu babu na niƙa da itace da gishiri da mai, dole ta sayar da tiya biyar ko goma a wulaƙance. Sunaye kuma a bi gida-gida a rubuta, domin yawancin 'yan gudun hijira suna raɓe ne a gidajen dangi, kunya ba ta barinsu shiga layi. Maƙwabta Musulmi da aka kora tare da su kada a tsallake su. Hoto kuwa ina roƙo a daina, na rabo da na tafiyar duka. Gwauruwar da aka ɗauka tana karɓar tiya, 'ya'yanta za su gani a Facebook. Mai ɗora hotonsa a bakin teku kuma yana nuna wa infoma gidan da ake iya biyan kuɗin fansa, kuma tsoffinsa na ƙauye ne za su sha.

Malamin makarantar Littafi Mai Tsarki, Gusau
Mama, gaskiya ne. Amma ina tsoron kwatan da ma'aji ya ambata ya zama kuɗin sayen kwanciyar rai. Bulus a 2 Korintiyawa 8:13-14 daidaito ya nema, yalwarku ta rufe rashinsu. Akwai shekarar da amsar ita ce a fasa, musamman in ɗan ikilisiya na hannun masu garkuwa ana karo-karo. Ziyarar Urushalima ma ta shiga wannan awo: tana ƙarfafa bangaskiya, amma ba farilla ba ce ga Kirista. Wanda ya je sau ɗaya ya bar wa wani kujerar.

Dattijon ikilisiya, Zuru
Na gode. Ɗan'uwa na Ribah, masara za ta kai Agusta a buhun yau da kullum?

Mai sayar da hatsi, Ribah
Da wuya, Baba, ƙwari sun fi saurin cin ta. A sa ta a mai leda biyu, ko a sayi gero, ya fi jure ajiya.