Yara 35 a aji ɗaya: ta yaya za a aiwatar da wannan ƙa'ida a makarantun gwamnati?

Malamar Aji Biyu:
Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar firamare ta gwamnati a cikin birnin Kano, kuma yaran da ke rajistar ajina bana sun haura ɗari. Waɗanda suka yi sammako ne ke samun benci, sauran kuwa a ƙasa suke zama har gindin allo, ta yadda idan zan je wurin yaron da ke baya sai na tsallake ƙafafun 'yan'uwansa. Kiran suna kaɗai yana cinye mini kusan rubu'in awa, balle duba littattafai. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce malami ɗaya ya riƙe yara 35 a firamare, 40 a babbar sakandare. Tambayata ga masana ita ce, idan aka ce gobe a fara aiki da wannan ƙa'ida, ina za a kai ragowar yaran? Shin shugaban makaranta yana da hurumin rufe rajista idan aji ya cika?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya saka miki da alheri. Shugaban makaranta ba shi da wannan hurumi, domin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta mayar da karatun shekara tara na farko kyauta kuma dole, har ta tanadi hukunci ga iyayen da suka ƙi kai 'ya'yansu. Yaron da doka ta tilasta a kawo shi, ba za a tare shi a ƙofa a ce aji ya cika ba. Saboda haka wannan adadi na 35 nauyi ne a wuyan gwamnati, ita ce za ta samar da aji da malami.

Mu da muka ga shirin UPE na 1976, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowane yaro, mun san abin da gaggawa ke haifarwa. Yara sun yi ta kwarara, aka horar da malamai cikin hanzari, wasu suka shiga aji ba su gama ƙwarewa ba, kuma an daɗe ana ɗanɗana kuɗar hakan. Abin da na ga ya yi aiki a hannuna shi ne raba makaranta biyu, ta safe da ta rana, amma da sharaɗin kowane rukuni yana da nasa malaman.

Mai Tsare-tsare:
Ranka ya daɗe, ina tare da kai, sai dai zan ƙara da batun kuɗi, domin a nan gizo ke saƙa. Hukumar UBEC, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, tana samun kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shiga na tarayya, kuma jiha ba ta karɓar kasonta na tallafin gine-gine sai ta ajiye daidai da shi daga aljihunta. Wannan kuɗi yana gina aji, yana sayen benci, amma albashin malamin firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa. Shi ya sa za ka tarar da sabon gini mai fenti an kulle shi da kwaɗo, yara kuma suna cunkushe a tsohon aji, don babu wanda zai tsaya musu a gaban allo.

Akwai kuma bambanci tsakanin lissafin malamai a takarda da yawan yara a aji. Idan aka raba yawan ɗalibai da yawan malaman ƙaramar hukuma, har da waɗanda ke zaune a ofis, lissafin zai yi kyau, alhali wata makarantar cikin gari tana da malamai sun yi mata yawa, wata ta ƙauye kuma mutum biyu ne ke riƙe aji shida. Gyara rabon malamai ba ya buƙatar bulo ko ɗaya, sai dai yana buƙatar jami'in da zai iya ƙin karɓar alfarma. Ko a Amurka, lokacin da jihar Kaliforniya ta rage yaran ƙananan azuzuwa zuwa 20 a 1996, sai da ta ɗauki malamai masu yawa da ba su da cikakkiyar shaidar koyarwa, kuma makarantun unguwannin talakawa ne suka fi shan wahala.

Uwar Yara Huɗu:
Baba Hedimasta, a gafarce ni, ina da ja a kan makarantar rana. Ina cikin kwamitin kula da makarantar unguwarmu, kuma da aka gwada wannan tsari sai ya ci karo da lokacin Islamiyya, iyaye da dama suka zaɓi Islamiyyar, 'yan mata kuma aka ɗora musu talla da safe, su iso aji a gajiye cikin zafin rana. Ni a ganina, tunda malaman ba za su wadatar gaba ɗaya ba, a fara da aji ɗaya zuwa uku, inda yaro ke koyon haɗa baƙi da wasali. Ɗana na biyu ya kai aji huɗu bai iya karanta sunansa ba, kuma ban zargi malaminsa ba, domin na leƙa ajin na ga abin da yake fama da shi.

Malamar Aji Biyu:
Na gode muku ƙwarai. Hajiya, shawararki ta zauna mini, domin muna da ɗaki guda da ake ajiye karyayyun benci a ciki, kuma akwai malamai biyu da darasinsu bai wuce uku a rana ba. Zan kai maganar gaban shugabanmu da kwamitin makaranta a zaman da za a yi kafin hutu, in roƙa a gyara ɗakin a raba ajina biyu, sannan a rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma a nemi ƙarin malami guda domin 'yan aji ɗaya.