Shurin bindiga da hular kwano: abin da masana suka ce a Gusau

A zaman da tsofaffin sojoji da malaman kimiyya suka yi da mafarauta a Gusau, an fara da shurin bindiga. Harsashin AK-47 nauyinsa kusan giram 8 ne, yana fita da gudun kimanin mita 715 a daƙiƙa. Turin da ya kore shi gaba, shi ne ke komar da bindigar baya, amma da yake ta kai kilo 4, gudunta bai wuce mita 2 a daƙiƙa ba. Don haka bindiga mara nauyi ta fi shuri. A manna gindinta a kafaɗa sosai. In an bar rata, sai ta samu filin naushi. Masu bindigar toka kuma su daina cika albarushi, bututun na iya fashewa.

Batun hula ya fi ɗaukar lokaci. Hular kwanon babur don faɗuwa aka yi ta, ba ta tare harsashi ko kaɗan. Ta soja, wadda ake yi da wani zare mai ƙarfi da ake kira Kevlar, tana riƙe ɓaraguzan bam da harsashin ƙaramar bindiga, amma galibi na AK-47 yana huda ta, saboda ƙarfinsa ya taru a ɗan tsini. Ko ta tare, lotsawar cikinta na iya tsaga ƙoƙon kai, sai a garzaya asibiti ko ba jini. Hular da harsashi ya taɓa, a sauya ta.