Chevelle ta 1969 a Ohio: me zan duba kafin in biya?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Asabar zan je Dayton ganin Chevelle ta 1969, tsohuwar motar Chevrolet. Mai ita ya ce SS 396 ce (Super Sport, samfurin mai babban inji; 396 girman injin ne), ya sa mata dala 38,000. Shekara shida ina wannan tari. Ta yaya zan gane SS ce ta asali, ba wadda aka liƙa wa tambari ba?

Baban Hanifa: Wa alaikumus salam. Ƙanina, sayi Camry ka huta.

Bakaniken Columbus: Lambar shasi ba za ta gaya maka ba. Daga 1966 zuwa 1968, ta SS da 138 take farawa, amma a 1969 sai aka mai da SS ƙari da ake biya daban, lambar ta zama iri ɗaya da ta sauran. Leƙa gaban injin ta ɓangaren fasinja, akwai lambar da aka buga. Idan ƙarshenta ya dace da ƙarshen ta shasi, injin na asali ne.

Alhajin Detroit: Ku bar zancen lamba. Tsatsa ce ke kashe mutum. Na sayi Mustang ta 1967, ja, fenti kamar madubi. Ruwan farko da aka yi, ina tuƙi sai ruwa ya zubo min a ƙafa. Ashe ramin iskar da ke gaban gilashi ya ruɓe daga ciki. Da muka ɗaga kafet, wallahi da yatsa na huda ƙasan motar. Mai gyaran bodi ya ɗora maganaɗisu a kan gefen bayan motar, maganaɗisun ya zame ya faɗi, duk ciko ne aka shafe da fenti. Dala 11,000 na zuba, yau shekara uku tana gareji a kan katako. Wanda ya sayar min har shayi ya ba ni. Motar jihar da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kada ka biya sai an ɗaga ta ka shiga ƙarƙashi da tocila.

Maman Sadik: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. 38,000 kuwa ta yi yawa, maƙwabcinmu 22,000 ya sayi tasa.

Bakaniken Columbus: Hajiya, ta 22,000 ba SS ba ce. Ta asali mai takardu ta fi abin da aka gaya wa Ɗan Fagge nesa ba kusa ba. Arhar ce ma ke ba ni tsoro.

Alhajin Detroit: Kai Toyota kake gyarawa. Ka taɓa kwance kafireta?

Bakaniken Columbus: Alhaji, da ka kira ni ranar, da kofin ruwa ɗaya zan gano maka ramin nan.

Baban Hanifa: Ita motar nan, gidan mai ne zai yi maka walima.

Ɗan Zinder: Idan ka saya, wa zai kawo maka ita? Ni dillalin dako muka yi tsada da shi dala 700 a kawo min mota daga Arizona, na ba da kafin alƙalami. Ranar ɗauka direba ya ce sai 1,200 saboda motar ba ta tashi. Kwana tara tana ajiye a rana.

Maman Sadik: Haka suka yi mana! Mu har madubi suka fasa, suka ce haka suka same shi.

Ɗan Fagge: Na gode. To idan an taɓa sauya injin fa, in fasa ko in nemi ragi?

Ɗan Zinder: Hajiya, kun ɗauki hoto kafin a loda ta?