Neman shawara: muna so mu kai Hajiya hutu Abha

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Jidda da iyali. Zafin bana ya ishe mu, shi ne muke so idan an ba yara hutu mu haura Abha, mu ga gandun dajin Asir da dutsen Suda. Abin da ke damuna Hajiyarmu, ta haura shekara 70 kuma tana da hawan jini. Da mota za mu je. Don Allah wanda ya san wurin ya ba ni shawara.

Wani direba daga Makka:
Wa alaikumus salam. Bi ta bakin teku, Lis, Ƙunfuza, Muhayil, sai ka hau ta Aƙabar Sha'ar, hanyar da ke hawa dutse zuwa Abha. Hawan da sauƙi, gangarowa ce abin tsoro. Sa mota a ƙaramar giya, kar ka kwantar da ƙafa a kan birki. Da ka ji ƙaurin birki, samu wuri ka tsaya ya huce. Kar dare ya same ka a kan dutsen, hazo kan rufe hanya har ba ka ganin motar gabanka.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Yaya, maganar Hajiya ita ce babba. Jidda a bakin teku take, Abha kuwa tsayinta ya kai mita 2,200, Suda kusan 3,000. A can iskar da mutum ke shaƙa ba ta kai ta ƙasa ƙarfi ba, sai zuciya ta ƙara aiki. Ku fara ganin likitanta. Idan ya yarda, ku kwana a Abha tukuna, kar ku zarce Suda a ranar. In ta fara haki tana zaune, ko jiri, ko ciwon kai mai tsanani, ku sauko da ita asibiti nan take. Maganinta ya zauna a jakar hannu, ba cikin but ba.

Wata Hajiya daga Khamis Mushait:
Ɗana, ku zo da rigunan sanyi ko da tsakiyar bazara ne, don da la'asar hadari kan haɗu a yi ruwa. Birai kuma sun cika bakin hanya. Na ga wani ya fizge ledar burodi daga hannun yarinya, ta tsorata ƙwarai. Kar yara su miƙa musu abinci. Tun 1981 gwamnati ta keɓe gandun, saboda haka ba a karya itacen ar'ar, bishiyar da ta fi yawa a kan dutsen, ba a hura wuta sai inda aka tanada, akwai tara. Ana ta gine-gine a Suda tun bayan 2023, ku tambayi masaukinku inda ke buɗe. Ku saya wa Hajiya zumar kurna.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe zan kai ta wurin likita. In ya ce Abha kaɗai, mu da yara ma a nan za mu tsaya tare da ita.