Sa wa tsohuwar a-kori-kura kafar shan iska ta hannu: a ina ake hudawa?

Mai A-kori-kura:
Assalamu alaikum. Tambayata ga makanikai da masu gyaran bodi ce. Tsohuwar a-kori-kura ce mai ƙofa biyu, ba ta da na'urar sanyaya ɗaki, fankar cikin dashbod kuma ba ta kawo iskar kirki. Da zarar an ɗage gilasai saboda ƙura ko ruwa, gidan direba ba ya zaunuwa. Ina so in sa mata kafar iska irin wadda ake buɗewa da rufewa da hannu, ba ruwanta da wuta. Rufi ya fi dacewa a huda ko gefen ƙafa? Kuma yaya ake hana ruwa shiga?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka ɗauki zarto, kwanta ka leƙa ƙarƙashin dashbod da tocila. Da yawa daga cikin tsofaffin motocin nan da kafarsu suka fito daga kamfani, ta toshe ne kawai. Ford da Chevrolet na farkon shekarun 1950 murfi gare su a gaban gilashin gaba, ana tura shi sama da mariƙi daga ciki. Na shekarun 1960 da 1970 kuwa galibi ƙofofin suna gefen ƙafar direba da na fasinja.

Dalilin zaɓen wurin shi ne, idan mota tana tafiya iska tana taruwa a gindin gilashin gaba, ta matsu. Ragar da ke wajen waifa tana zuba ta cikin wani akwatin ƙarfe da ke tsakanin bonet da gilashi, daga nan ta gangara gefe. To wannan akwatin ne ke cika da ganye da laka. Cire ragar, kwashe dattin, sannan ka zuba ruwa ka ga ko yana fita ta ramukan magudana biyu da ke ƙasa, dama da hagu. In bai fita ba, zura waya ka buɗe su, domin ruwan da ya kwanta a nan shi ke cinye ƙarfe har ya riƙa ɗiga a ƙafar direba. Daga nan duba murfin: soson da ke bakinsa ya kan ruɓe, sai a kankare a liƙa sabo mai kauri milimita 5 zuwa 6. Kebul ɗin da ke jansa in ya ƙage, a zare wayar ciki a goge a sa mai kaɗan. In ya lanƙwashe, canza shi, ba ya miƙewa ya dawo daidai.

Idan motar ba ta da kafar ko kaɗan, daga wannan akwatin za ka ɗebo iskar. A huda jikinsa sama da inda ruwa ke bi, a sa bututu mai ɗan baki da ya ɗago a ciki kamar santimita 2 don ruwa kada ya kwarara, a rufe bakin da raga, a jawo tiyo zuwa ƙarƙashin dashbod. Sa tiyo mai faɗin milimita 75, kada ka sa na 50. Bakin na 75 ya kai kusan murabba'in santimita 44, na 50 bai wuce 20 ba, kuma kowace kwana tana rage iskar. Abu ɗaya da ban yarda da shi ba sam: huda bangon da ya raba inji da gidan direba. Zafi da hayaki kawai za ka jawo wa kanka.

Fanel Bita:
Maganar maigida haka take, amma akwai rabin aikin da ake mantawa. Iskar da ta shiga dole ta samu mafita, in ba haka ba kamar mai hura kwalba ne. Shi ya sa motocin zamani ke da ƙananan kafofi a bangon baya na gidan direba, masu fallen roba da ke buɗewa waje kawai. Sayi irinsu guda ɗaya ko biyu ka sa a bayan kujera, za ka ji bambanci ko da tsohuwar fankar ce.

Ta rufi kuwa tana aiki, musamman mai buɗewa ta fuska biyu: ka ɗaga gabanta ta ɗebo iska, ka ɗaga bayanta ta zuƙe zafi waje. Sai dai ita ce ta fi yawan yoyo, kuma duk daga wajen sawa ne. Sauke silin tukuna ka ga inda ƙarfen da ke tallafe rufin ya bi da wayar fitilar ciki. Wannan ƙarfen ba a yanka shi. Zaɓi wurin da ya fi shimfiɗa, ka liƙa tef a kan fenti, ka zana da kwali. Huda kusurwa huɗu da injin huda mai bakin milimita 10, sannan ka haɗa su da zarton lantarki mai ƙananan haƙora na ƙarfe. Kada ka sa giranda. Fallen rufi bai cika wuce milimita 1 ba, zafi na murɗe shi, tartsatsin kuma yana manne wa gilashi da fenti ya zama ɗigon tsatsa. Goge bakin da aka yanka, share garin ƙarfen tas, shafa fentin hana tsatsa shafi biyu, har cikin ramukan ƙusoshi, ka bar shi ya bushe.

Wajen liƙewa, tef ɗin butil, wato tef na roba mai danƙo da ke hana ruwa shiga, ake sa wa a ƙarƙashin bakin kafar, zagaye ɗaya ba yankewa, mahaɗinsa ta baya. Silikon ɗin nan mai tsamin wari yana cin ƙarfen da ba fenti, kuma fenti ba ya kama shi. Ɗaure da noti M5, wato mai kaurin milimita 5, marar tsatsa da washa, tazarar santimita 6 zuwa 8, kana ɗaurewa a gicciye kaɗan-kaɗan har butil ya ɗan fito ko'ina. In aka matse gefe ɗaya da ƙarfi, fallen ya lotsa, ruwa ya samu wurin kwanciya. Gwada da tiyon ruwa kafin ka mayar da silin.

Mai A-kori-kura:
Na gode ƙwarai. To in na sa gilashin baya mai zugewa, ba zai wadatar a matsayin mafita ba?

Mai Gyaran Salansa:
A'a ɗan'uwa, a nan sai an yi hattara. Iskar da ke bayan gidan direba juyawa take yi a cikin bodi, don haka gilashin baya sau da yawa shigo da ita yake yi, tare da ƙurar kayan da aka ɗauko. In salansa tana yoyo a ƙarƙashin mota, ko an gajarta bututunta bai kai bayan bodi ko gefe ba, hayakin zai biyo. Gubar da ke cikinsa ba ta da wari ko launi, alamarta ciwon kai da jiri da barci a kan sitiyari. Kafofi masu fallen roba sun fi aminci tun da ba sa barin komai ya dawo.

Don haka kafin kowace sabuwar kafa, a ɗaga motar a bi salansa daga kan inji har wutsiya ana neman baƙin tabo a mahaɗai. A toshe ramukan tsatsa na ƙasan gidan direba, a canza robar gindin giya da robobin da wayoyi ke ratsawa ta bangon inji. Kafar da ke zuƙe iska waje, irin ta rufi in an ɗaga bayanta, tana rage matsin iskar ciki, sai hayaki ya riƙa shigowa ta waɗannan ramukan. Duk lokacin da za ka buɗe ta, fara buɗe kafar gaba mai shigo da iska.